Claude Bernard: Mutumin Da Ya Gano Rumbun Da Ke Cikin Hanta

Akwai tambayar da ɗalibai da yawa ba su taɓa yi wa kansu ba, har da 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji. Mutum ya yi sahur, ya shiga lacca, ya yi firatikal, bai sa komai a baki ba har magariba, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta tsaya ba. Alhali duk sugan da ke yawo cikin jinin babban mutum bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kamar cokalin shayi guda ke nan, ita kuwa ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin wajen giram 120 a yini. To ina sauran ke fitowa? Wanda ya fara ba da amsa wani Bafaranshe ne, Claude Bernard, kuma ni dai abin da ya ja ni ga tarihinsa shi ne yadda ya kai ga amsar.

An haife shi ranar 12 ga Yuli, 1813, a ƙauyen Saint-Julien, gidan manoman inabi. Ba ɗan gata ba ne. Yana saurayi aka kai shi Liyon ya zama yaron shagon wani mai haɗa magunguna, shi kuwa hankalinsa na kan rubuta wasan kwaikwayo. A 1834 ya ɗauki rubutunsa ya nufi Faris da tunanin duniya ta samu. Wani masanin adabi, Saint-Marc Girardin, ya duba aikin, ya ba shi shawara ya je ya karanci likitanci don ya samu abin ci da kansa. Haka ya haɗiye ya bi. Ya gama a 1843, shekarar da ta biyo kuma ya faɗi jarrabawar zama malami a makarantar likitoci. Masu kari-oba, kun ji fa.

Abin da ya cece shi shi ne ubangidansa, François Magendie, wanda ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwajinsa na Collège de France. A zamanin, manyan masana sun tafi a kan cewa tsirrai ne kaɗai ke iya ƙera suga, dabba da mutum nasu ci da ƙonawa. Bernard ma ya yarda da hakan. Shi nemansa kawai ya gano inda sugan abinci ke ƙarewa cikin jiki. Sai ya riƙa ciyar da karnuka nama zalla, wasu ya bar su da yunwa, don ya kwatanta su da masu cin suga. Ga mamakinsa, ya tarar da suga a jininsu, kuma da ya bi sawu, sai ya ga daga hanta yake fitowa. A 1848 ya bayyana cewa hanta na samar da suga da kanta.

Amma inda na fi so shi ne abin da ya faru a 1855. Al'adarsa ce ya auna sugan hanta sau biyu a lokaci guda. Wata rana lokaci ya ƙure masa, ya yi awo ɗaya, ya bar ɗayan sai washegari. Da ya dawo, na biyun ya fi na farko suga nesa ba kusa ba. Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah, in a firatikal ɗinmu ne me za a yi? Goge lambar za a yi, a leƙa littafin na kusa, a rubuta abin da manuwal ya ce, a karɓi maki a wuce. Bernard bai goge ba. Ya samo wata hanta, ya riƙa tura ruwan sanyi ta jijiyoyinta har sai da babu ɗigon suga a ciki, ya ajiye ta. Bayan kwana guda ya sake aunawa, sai ga suga ya dawo. Ke nan akwai wani abu a ɓoye cikin naman hantar, wanda ruwa ba ya wankewa, wanda kuma ke juyewa ya zama suga. A 1857 ya ware shi, wani farin gari mai kama da sitati, shi ne gilaikojin, ma'anar sunan kuwa mai haifar da suga.

Mu mutanen Amarawa wanga bayani ba ya mana wuya, don mun tashi mun ga rumbu. In kaka ta yi, ba a cinye gero a masussuka, ɗaure shi ake yi dami-dami a zuba, a riƙa ɗiba har wata damina. Haka hanta. Ka ci tuwo ko ka sha fura, sitatin ya narke ya zama gulukos ya shiga jini, rarar kuma hanta ta ɗaure ta dami-dami a matsayin gilaikojin, kimanin giram 100. In jini ya fara ƙarancin suga, sai ta kwance ta sako. Wannan ajiyar ce ke riƙe mai azumi, kuma in mutum ya yi wajen awa 24 bai ci ba ta kusa ƙarewa, daga nan jiki ya dogara ga kitse da ƙera sabon gulukos daga wasu abubuwan.

Tsoka ma tana da nata rumbun, ya ma fi girma, wajen giram 400, sai dai marowaciya ce: ba ta iya sakin gulukos cikin jini, ita kaɗai ke cin abinta. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a kasuwar Illela, ko ɗan wasanmu da ƙafa ta yi masa nauyi ana dab da tashi daga ƙwallo, wannan ajiyar suke ƙonawa. Cikakken bayanin yadda tsoka da hanta ke musayar kaya sai daga baya ya zo, a hannun Carl da Gerty Cori, mata da miji da suka samu kyautar Nobel a 1947.

Ba zan wanke Bernard tas ba. Yawancin gwaje-gwajensa a kan dabbobi masu rai ya yi su, sau da yawa ba tare da maganin kashe zafi ba. Matarsa, Fanny Martin, wadda ya aura a 1845 kuma dukiyar gidansu ta taimaka masa ya tsaya da ƙafarsa, ta kasa jure abin. Suka rabu a 1870, 'ya'yansu mata biyu suka bi uwarsu, su ukun suka koma fafutukar kare dabbobi. Ni a ganina tana da hujja, ko da yake duk mai ciwon suga a yau yana cin moriyar aikin.

Muƙamai sun zo masa daga baya. Ya gaji kujerar Magendie a 1855, ya zama sanata a 1869. Rashin lafiya ya sa ya koma ƙauyensu na ɗan lokaci, a can ya rubuta littafinsa na 1865 kan yadda ake binciken likitanci ta hanyar gwaji, inda ya ba da labarin awon nan biyu da suka saɓa. Ya mutu a Faris ranar 10 ga Fabrairu, 1878, yana da shekara 64, kuma shi ne masanin kimiyya na farko da gwamnatin Faransa ta yi wa jana'izar ƙasa. Sinadarin da ke ba hanta umarnin ta ɗaure suga ta ajiye, wato insulin, wanda ƙarancinsa ko rashin jin maganarsa ke kawo ciwon suga, sai a 1921 aka ware shi a birnin Toronto na Kanada, shekara 43 bayan an binne Bernard.