Joseph Conrad, Baƙon da Ya Gwanance da Turanci

An haifi Joseph Conrad cikin 1857. Iyayensa mutanen Folan ne, suka rasu suka bar shi yana ɗan shekara 11. Ya kama aikin jirgin ruwa, bai taka Ingila ba sai 1878, ko Turancin kirki ba ya ji. Abin da ke ba mu mamaki ke nan, gama da harshen nan ya rubuta littattafansa duka.

Cikin 1890 ya tafi Kwango, ya ga zaluncin Turawa da idonsa, ya komo da ciwo. Can ya samo labarin Heart of Darkness. Chinua Achebe ya soki littafin cikin 1975, don ya ƙasƙantar da baƙar fata, mu kuwa ba mu ga laifinsa ba. Conrad ya rasu cikin 1924.