Waliyyiya Teresa Benedikta ta Gicciye

Ranar 9 ga watan Agusta Ikilisiya take tunawa da wannan waliyyiya, wadda sunanta na yanka Edith Stein. An haife ta a shekarar 1891 a birnin Breslau na ƙasar Jamus ta wancan lokaci, a gidan Yahudawa masu riƙon addini. Tana da shekara 14 ta bar yin addu'a, ta kuma daina yarda da cewa akwai Allah.

Duk da haka ba ta zama 'yar banza ba. Ta ƙi ƙarya, ta duƙufa ga neman gaskiya, har ta sami digirin digirgir a fannin falsafa a 1916. A 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ta bar karatu ta tafi jinyar sojoji masu fama da cututtuka masu yaɗuwa. Masu musun Allah sukan ce mutum yana iya yin kirki ba tare da addini ba, rayuwarta kuwa ta nuna akwai gaskiya a maganarsu. Mu mun sani Allah ya rubuta shari'arsa a zuciyar kowane ɗan Adam, don haka bai kamata mu raina su ba.

Amma akwai abin da ilmi bai ba ta ba. A 1917 aka kashe malaminta Adolf Reinach a fagen fama. Ta je ta ga matarsa, tana zaton za ta tarar da ita cikin fid da zuciya, sai ta iske ta da salamar da gicciyen Yesu yake bayarwa. A 1921 ta karanta tarihin Waliyyiya Teresa ta Avila, ranar 1 ga Janairu 1922 aka yi mata baftisma.

A 1933 dokokin Hitler suka raba ta da aikin koyarwa saboda ita Bayahudiya ce. A shekarar nan ta shiga gidan sistocin Karmel a Kolon, a ƙarshen 1938 aka kai ta Holan don tsira. Cikin wasiyyar da ta rubuta a 1939 ta miƙa ranta ga Allah domin jama'arta Yahudawa, domin zaman lafiyar duniya, har ma domin ceton Jamus, ƙasar da ta kore ta. Ranar 2 ga Agusta 1942 aka kama ta tare da yayarta Rosa, bayan mako guda aka kashe su a sansanin Auschwitz. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaukaka ta waliyyiya a 1998.

Hankali ya koya mata jinyar mara lafiya, gicciye ne ya koya mata yi wa mai tsananta mata addu'a. Mu fa, da muke roƙon gafara kowace Lahadi, wa muka yafe wa?

Waliyyiya Teresa Benedikta, ki yi addu'a dominmu.