Charles Huggins: Likitan da ya gano abin da ke ciyar da kansar furostet

Kafin shekarar 1941, idan kansar furostet ta kai ƙashin mutum, likitoci ba su da abin yi sai rage masa raɗaɗi. Furostet wata 'yar tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ya sa wasu ke kiran cutar kansar mafitsara. Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne Charles Huggins.

An haife shi ranar 22 ga Satumban 1901 a Halifax da ke Kanada, mahaifinsa mai haɗa magunguna ne. Ya gama karatun likitanci a Jami'ar Harvard a 1924, kuma a 1927 ya koma Jami'ar Chicago, inda aka damƙa masa sashen cututtukan mafitsara ba tare da ya taɓa ƙwarewa a fannin ba.

Da karnuka ya fara, domin kare na cikin dabbobi ƙalilan da furostet ɗinsu ke kumbura da tsufa kamar na ɗan Adam. Ya lura cewa idan aka fiɗiye kare sai tsokar ta motse, idan aka yi masa allurar sinadarin maza na testosteron sai ta farfaɗo. To ko kansar da ke jikin mutum ma haka take? Matsalar ita ce ba shi da hanyar auna abin da ke faruwa cikin ƙashin majiyyaci.

Amsar ta fito ne daga New York. A 1938, Alexander Gutman da matarsa Ethel sun nuna cewa wani sinadarin enzayim mai suna asid fosfates, wanda furostet ke samarwa da yawa, yana hauhawa a jinin waɗanda cutar ta bazu a jikinsu. Ƙwayoyin kansar, ko da sun yi ƙaura zuwa ƙashi, ba sa daina fitar da shi. Ke nan yawansa a jini tamkar ma'auni ne na ƙarfin cutar.

Huggins da ɗalibinsa Clarence Hodges suka ɗauki wannan ma'auni. Suka cire wa majiyyata 'ya'yan maraina, wasu kuma suka ba su sinadarin mata na istrojin, sai asid fosfates ya sauka cikin kwanaki. Da aka yi wa wasu allurar testosteron, sai ya tashi. Wannan gwaji na ƙarshe da wuya a amince da shi a yau, amma shi ya tabbatar da maganar. Sun wallafa sakamakon a 1941, kuma an ga mutanen da ciwo ya kwantar sun miƙe suna tafiya.

A lokacin an ɗauka kansa ba ta jin linzamin komai a jiki. Huggins ya nuna akwai wadda rayuwarta ta dogara da sinadaran jikin mai ita. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1966, tare da Peyton Rous.

Sai dai maganin ba ya warkarwa. A yawancin majiyyata cutar kan lafa na wani lokaci, sannan ta dawo ba ta buƙatar testosteron sosai. Shi ma asid fosfates yana da rauni: galibi ba ya tashi sai cutar ta yi nisa. Daga shekarun 1980 gwajin PSA, wanda shi ma enzayim ne na furostet, ya karɓi wurinsa. Allurai kuma sun maye gurbin tiyata a wurare da dama, amma dabarar dai tasa ce.

Daga 1951 ya jagoranci cibiyar binciken kansa ta Ben May a Chicago, inda ya karkata ga kansar mama. Ya rasu ranar 12 ga Janairun 1997 yana da shekara 95. Shekara 13 bayan nan, Amurka ta amince da maganin Provenge, wanda ke horar da garkuwar jiki ta farauci ƙwayoyin da ke ɗauke da asid fosfates.