Diyonisiyus Ƙarami, Mai Ƙidayar Shekarun Ubangijinmu

Shekaru 50 ɗin nan da muke murna dominsu, da ƙidayar wannan bawan Allah muka lissafa su. An haife shi a ƙasar Sikitiya wajen shekara ta 470, ya zauna a Roma. A 525, yana tsara ranakun Ista, sai ya ƙi ƙirga shekaru daga mulkin Diyokiletiyan, mai tsananta wa ikilisiya, ya fara daga haihuwar Yesu. Ya ɗan yi kuskure, gama Matiyu ya nuna an haifi Yesu a zamanin Hirudus, Hirudus kuwa ya mutu shekara 4 kafin farkon ƙidayar. Ya rasu wajen 544. Har wa yau a nan Kano, da ƙidayarsa muke rubuta ranakun baftisma da aure.