Audu Baƙo: Gwamnan Da Ya Tare Ruwa

Ni ɗan Ngurore ne, kusa da Yola, kuma Fulatanci na fara ji kafin Hausa. Abin da ya ja hankalina ga tarihin marigayi Audu Baƙo shi ne maganar ruwa.

An haife shi a Kaduna a 1924. Ɗan sanda ne, kuma da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Kano na farko. A zamaninsa aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga. An kammala Tiga a 1974, lokacin da fari ya addabi Arewa. Da ruwanta manoman Kadawa da Kura suka rungumi noman rani, suna fitar da alkama da shinkafa da tumatir.

Sai dai gyaran wani ɓarnar wani ce. An tashi ƙauyuka domin ginin Tiga, ikon raba ruwa ya koma hannun hukuma, sannan ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Mu mutanen bakin Binuwai mun san zaman ƙasa da madatsa, domin mun ga ambaliyar 2012 bayan sakin ruwan Lagdo ta Kamaru.

Juyin mulkin 1975 ya kawo ƙarshen mulkinsa. Ya koma noma har ya rasu a 1980. Allah Ya jiƙansa, amin.