Oila, Makaho Mai Lissafi

A cikin shekara ta 1707 aka haifi wani yaro a birnin Bazel na ƙasar Suwizalan. Sunansa Leonhard Euler, amma a baki Oila ake faɗa. Ubansa limamin coci ne, ya so ɗansa ya gaje shi. Amma wani babban malamin lissafi, Yohan Banuli, ya ga hazaƙar yaron, ya roƙi uban ya bar shi ya bi lissafi. Yana da shekara 20 ya tafi Rasha aiki.

A can, cikin 1734, ya ƙago alamar nan f(x), wadda har yau ake amfani da ita. Ga abin da take nufi.

Abubuwa biyu sukan yi dangantaka, kamar uwa da ɗa. In an kama sunan wata mace aka tambayi ɗanta, amsar tana iya zama uku ko biyar, ko ma babu. Amma in an kama sunan yaro aka tambayi mahaifiyarsa, amsa ɗaya ce tak. Irin wannan dangantaka mai amsa ɗaya ita masana suke kira fankshan. Haka yake ga lambobi. In an ce a ninka 4 sau biyu, amsa 8 ce, ba wata. In kuwa an ce a faɗi lambar da ta fi 4, amsoshin ba su da iyaka. Saboda haka kowane fankshan dangantaka ne, amma ba kowace dangantaka ce fankshan ba. Oila ne ya mai da fankshan ginshiƙin littafinsa na 1748, ko da yake sai bayansa masana suka tsai da sharaɗin nan na amsa ɗaya.

Tun yana wajen shekara 30 idonsa na dama ya kusan mutuwa. Cikin 1771 gobara ta cinye gidansa, ɗayan idon kuma ya tafi kusan sarai. Wani da sai ya ajiye alƙalami. Shi kuwa sai ya riƙa yin lissafi da ka, yana faɗa, 'ya'yansa da almajiransa suna rubutawa. Abin mamaki, aikinsa ƙaruwa ma ya yi. Littattafai da maƙalun da ya bari sun haura 800.

Ran 18 ga Satumba, 1783, ya wuni yana lissafinsa yadda ya saba. Da maraice ciwo ya buge shi farat ɗaya, bai kwana ba.