Sultan Abubakar na Johor da Kafuwar Birnin Johor Bahru

A ƙarshen kudancin yankin yammacin ƙasar Malesiya akwai wata jiha da ake kira Johor, wadda ɗan siririn mashigin ruwa ne kaɗai ya raba ta da tsibirin Singafo. Babban birninta shi ne Johor Bahru, watau Sabuwar Johor da harshen Malay. Tarihin wannan birni kuwa ba ya faɗuwa sai an haɗa da na Sultan Abubakar.

An haifi Abubakar a Singafo cikin shekarar 1833. Mahaifinsa, Daeng Ibrahim, shi ne Temenggong, watau babban hakimi mai kula da tsaron ƙasa a ƙarƙashin Sultan. Yaron ya yi karatu a makarantar wani ɗan mishan mai suna Keasberry, inda ya koyi Ingilishi da ɗabi'un Turawa. A 1855 aka ƙulla wata yarjejeniya wadda Sultan Ali ya sallama wa Temenggong mulkin Johor, ban da yankin Muar. Amma fa ƙasar da aka samu ɗin galibinta kurmi ce, mai ita kuma yana zaune a Singafo, a ƙarƙashin idon gwamnan Ingila.

Da Abubakar ya gaji mahaifinsa a 1862, sai ya ga zama a inuwar wani ba zai yi ba. Saboda haka ya mai da hankali ga wani ƙauyen masunta a bakin mashigin, mai suna Tanjung Puteri, inda mahaifin ya riga ya kafa ɗan ofis. A 1866 ya mai da fadarsa can, ya raɗa wa wurin suna Johor Bahru, aka kuma gama ginin babbar fada, Istana Besar.

Gari ba ya tsayuwa sai da dukiya, a nan ne kuwa dabararsa ta fi fitowa. Ya faɗaɗa tsarin da ya tarar, wanda ake ba wani shugaban Sinawa takardar izinin sare daji a gefen wani kogi, ya kawo ma'aikatansa su noma masoro da gambir, wani tsiro da ake jima da rini da shi. Shi wannan shugaba ana ce masa kangchu, ma'ana ubangidan kogi. Shi ke tsare doka a yankinsa. Sinawan nan su suka cika kasuwar garin, har aka naɗa wani attajirinsu, Tan Hiok Nee, ya zama shugabansu a 1870.

Babban abin da ke gabansa shi ne kada a kawo masa Razdan. Tun daga 1874 Turawa suka fara cusa Razdan a jihohin Malay, suna kafa hujja da rashin tsari. Abubakar sai ya riga su: ya kafa ofisoshi, da 'yan sanda, da kotuna, don a rasa abin da za a ce an zo gyarawa. Ya kuma tsallake gwamnan Singafo, ya ƙulla zumunci da Sarauniya Biktoriya tun zuwansa Ingila a 1866. Ya ɗauki laƙabin Maharaja a 1868, sannan yarjejeniyar 1885 ta amince masa da sarautar Sultan, ko da yake ya bar wa Ingila harkokin waje. Sai dai a faɗi gaskiya, tafiye-tafiyen nan da shagulgulansu sun ci kuɗin ƙasa ƙwarai da gaske.

A watan Afrilu na 1895 ya ba Johor rubutaccen tsarin mulki, na farko a jihohin Malay, wanda ya haramta wa sarki miƙa ƙasar ga baƙi. Bai cika wata biyu ba bayan haka ya rasu a Landan, ran 4 ga Yuni, aka kawo gawarsa Johor Bahru aka binne. Babban masallacin da ya soma ginawa a 1892 sai a 1900 aka gama shi.

Shingen da ya yi ya tsaya shekara goma sha tara. A 1914 aka matsa wa ɗansa, Sultan Ibrahim, ya karɓi Baturen mashawarci. Garin kuwa ya ci gaba da bunƙasa, musamman bayan da aka buɗe hanyar da ta ratsa mashigin zuwa Singafo a 1924, kuma a 1994 aka ba shi matsayin birni.